Famfo a Layin Farko

Kwana goma sha ɗaya ke nan da Auta ta aika da shawararta zauren intanet na masu wani harshen kwamfuta, kuma a duk kwanakin nan ba ta taɓa yin rabin awa cur a kan kujerarta ba. Ta buɗe zauren a kwamfuta, ta ga babu sabon saƙo, ta rufe. Ta tashi ta zuba ruwan zafi a kofi, ta dawo ta kurɓa, sannan ta gane ba ta sa ganyen shayi ba. Ta sake buɗe zauren.

Ita ce ƙaramar gidansu, shi ya sa ake ce mata Auta, sunan kuma ya biyo ta makaranta, ya biyo ta gidan miji, har ofis. Aikinta rubuta manhaja a wani kamfani da ke ajiye magunguna yana rarraba wa asibitoci da kantuna. Harshen kwamfutar da suke aiki da shi ba wani babba ba ne. Wani tsohon malamin jami'a da kowa ke kira Farfesa ne ya ƙirƙiro shi shekara ashirin da suka wuce domin ɗalibansa. Ɗaliban suka gama, suka bazu da shi wuraren aiki, har ya zama mutane da dama da shi suke cin abinci. Farfesa da wasu mutum huɗu ne kwamitin da ke kula da harshen. Mai son a canza wani abu sai ya rubuta shawara ya aika zaure, a yi ta ja-in-ja, daga baya kwamiti ya zauna ya yanke.

A harshen, in kana son kwamfuta ta yi maka wani abu, sai ka buɗe da kalmar “aiki”, ka ba shi suna, ka jera umarninka a ƙasa. Duk lokacin da aka kira sunan, sai kwamfuta ta bi umarnin daga sama har ƙasa, ta kawo amsa a dunƙule. Amma akwai wani irin aikin da masu sana'ar ke kira famfo, domin shi amsa ɗaya yake miƙowa ya tsaya, sai an sake nema ya miƙo ta gaba. Kiran sunansa kaɗai ba ya sa shi ya motsa, sai wani ya zo ya murɗa. Inda gizo ke saƙar shi ne, shi ma da “aiki” ake buɗe shi. Abin da ke mayar da aiki famfo kalma ɗaya ce, “miƙa”, in ta faɗo a cikinsa, ko da kuwa a can ƙasa ne inda ido ya riga ya gaji.

Wannan kalmar ce ta ci aikin Bahago wata huɗu da suka wuce.

Bahago abokin aikinta ne, magidanci mai 'ya ɗaya, teburinsa na kallon nata. Manaja ya sa shi ya haɗa rahoton da zai nuna sanyin kowane ɗakin ajiya ɗaya bayan ɗaya. Sai ya buɗe wani tsohon dogon aiki da ke tashi duk bayan minti goma, ya duba ma'aunin zafi na ɗakunan sanyi shida, in zafi ya hau ya tura saƙo wayar mai kula da sito. A layi na ɗari da arba'in da uku Bahago ya sa “miƙa”. Ya gwada rahotonsa, ya fito tsaf, domin rahoton ya san yadda ake murɗa famfo. Agogon da ke kiran aikin duk minti goma kuwa suna kawai yake kira. Tun daga ranar aikin ya daina duba komai, kwamfuta kuma ba ta ce uffan ba, don a dokar harshen babu laifin da aka yi.

Ƙa'idar kamfani ita ce sai wani ya karanta gyara ya sa hannu kafin a saka shi. Auta ce ta karanta. Sau biyu ta bi shi, ido ɗaya a allo, ɗaya a agogo saboda ɗauko 'yan matanta daga makaranta, ta sa hannu ta fita.

Bayan kwana tara injin ɗaki na huɗu ya mutu da safiyar wata ranar hutu. Saƙo bai je ba. Da mai kula da sito ya buɗe ƙofar bayan kwana biyu, iska mai ɗumi ce ta tarbe shi. Alluran rigakafi da maganin ciwon suga duk aka loda a mota aka kai ƙonawa. Aka sallami Bahago. Auta aka ba ta takardar gargaɗi, ta ninke ta huɗu ta cusa a aljihun tebur.

Shawarar da ta rubuta shafi huɗu ce. Ta ce daga yanzu duk mai son famfo ya rubuta “famfo” a layin farko a maimakon “aiki”, kowa ya gani tun daga bakin ƙofa. In kuma “miƙa” ta shiga cikin aiki, kwamfuta ta ƙi tashi, ta nuna layin. A shafi na biyu ta ba da labarin ɗakin sanyi a matsayin hujja. Ba ta ambaci sunan kowa ba.

Zaure ya kaure. Saƙo sittin da wani abu suka shigo a mako guda. Wani ya ce kalmar ta yi tsawo, a sa tauraro kawai a gaban “aiki”. Wani ya ce tauraro alamar ninkawa ce, kuma shi idonsa ba ya ganin ƙananan abubuwa. Wani malami ya ce littafinsa na koyar da harshen, mai shafi ɗari uku, bai fi wata biyu da fitowa daga maɗaba'a ba, yanzu a ce masa me? Wani kuma ya rubuta layi ɗaya: “Wanda ke karatu da natsuwa ba ya buƙatar wannan.” Wannan a tsaye Auta ta karanta shi, ta zagaya teburinta, ta dawo ta sake karantawa. Daga nan saƙonnin suka ja baya, suka ɗauke. Farfesa, wanda kowa ke jiran ya ji ta bakinsa, bai tofa ko kalma ba. Sakataren kwamiti ne kawai ya sanar cewa za a zauna ranar Asabar, kuma ana gayyatar mai shawara.

Ranar Laraba da yamma mijinta, malamin lissafi a sakandare, yana zaune a falo yana makin takardun jarrabawa, ya ji ƙarar kwanuka daga kicin. Ya leƙa ya tarar ta sauke komai na kabad a ƙasa.

“Uwargida, kwanukan nan laifin me suka yi? Shekaranjiya aka yi musu ƙaura, yau kuma an sake tashinsu.”

“Tukwane ba su zauna daidai ba.”

“Tukwane ne ba su zauna ba, ko mai tukwanen?”

Ta ajiye murfin da ke hannunta. “Malam, har yanzu Farfesa bai ce komai ba. Kwana goma sha ɗaya.”

“Tsoho ne, sai ya tauna kafin ya haɗiye.” Ya jingina da ƙofa yana juya jan birinsa. “Ni kuwa in tambaye ki. Tun da abin nan ya faru kin je kin ga Bahago?”

“Na tura masa saƙo.”

“Na san kin tura. Zuwa nake tambaya.”

Ta ɗauki tukunya ta sa a kabad, ta ciro ta, ta mayar da ita inda take tun farko. Shi kuma ya koma kan takardunsa.

Kamar ya yi da bakin mala'iku, washegari da hantsi wayarta ta yi ƙara, ta ga sunan Bahago. Sai da ta kusa tsinkewa ta ɗauka. Suka gaisa, ya tambayi yara, ta tambayi matarsa da 'yarsa. Sannan ya ce in ba damuwa yana son ganinta, yana shagon mijin yayarsa a bakin tashar mota.

Da lokacin cin abincin rana ya yi ta fita. Ta tsaya jiran bas, minti biyu ta ga kamar awa, ta tari mai babur. Shagon na buga takardu ne, tsukukke, injin hoto biyu sun cinye rabinsa, ga warin tawada da zafin takarda. Bahago na zaune a lungu yana buga wa wata tsohuwa takardar neman fansho, linzamin kwamfuta a hannun hagu kamar kullum. Ya rame kaɗan. Ya sallami tsohuwar, ya jawo wa Auta kujerar roba, ya goge ta da gefen rigarsa.

“Injiniya, na karanta shawararki. Ta yi kyau. Da ina da ƙuri'a da na ba ki.”

“Na gode.”

“Ranar Litinin na je ganawar neman aiki.” Ya gyara takardun da ke gabansa, duk da a gyare suke. “Mutum uku ne a teburin. Komai na tafiya lafiya, har an fara tambayata yaushe zan iya farawa. Sai ɗayansu ya sake duba takardata, ya ga inda na baro, ya ce, ‘Af, ko kai ne na ɗakin sanyi?’ Suka kalli juna. Daga nan sai aka ce za a neme ni.”

Auta ta matso da kujerarta. “Ban sa sunanka ba. Ko sunan kamfani ban sa ba.”

“Mu nawa ne a sana'ar nan, Injiniya? Kamfanin magani nawa ke aiki da harshen? Kin ce ‘wani ma'aikaci’, kin faɗi watan, kin faɗi lambar layi. Ai saura hoto kawai.”

“Don kar ya sake faruwa da wani na rubuta. So nake a gane ba laifinka ba ne, laifin harshen ne.”

“Na sani. Amma masu ɗaukar aiki shafi na biyu suke karantawa, ba sa kaiwa na huɗu.” Injin hoto ya yi ƙara ya tsaya, ya tashi ya zaro takardar da ta maƙale, ya dawo. “Roƙona ɗaya, ki cire labarin.”

“In na cire shi babu abin da ya rage. Shi ne hujjata. Jibi za a zauna.”

Ya dube ta, karon farko tun zuwanta. Muryarsa ba ta tashi ba. “Kin rubuta cewa wani ma'aikaci ya ƙara kalma ɗaya. Gaskiya ne, na ƙara. Na duba sau uku ko zan ga inda kika ce wani ya karanta ya sa hannu. Ban gani ba.”

A waje wani ɗan kamasho na ta kiran fasinja. Ta dubi igiyar jakarta da ta naɗe a yatsa har yatsan ya yi fari.

“Ba don in ɓata miki rai na faɗa ba,” in ji shi. “Kin tambaye ni ne a zuci, na amsa.”

“In na faɗi nawa laifin fa?”

“Sunanki naki ne, ki yi yadda kika ga dama da shi. Nawa dai a bar mini.”

Ya rako ta bakin titi, har ya tsayar mata da babur. A hanya maganar kakarta ta yi ta yi mata yawo a ka: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ita a zatonta ba ta hango na kowa ba, ashe ta taka nata har ta manta tana kai.

Tana shiga ofis aka ce manaja na nemanta. Shi ma wani ya tura masa shawarar. Bai ba ta kujera ba.

“Auta, abin da ya faru a ɗaki na huɗu mun gama da shi a cikin gida. A bar kaza cikin gashinta. Asibitocin da muke kai wa kaya su ma suna da masu karatu.”

“Zan cire, Yallaɓai. Yau ɗin nan.”

“Madalla. Kada in sake ganin wani abu da ya shafi kamfanin nan a waje.”

Cirewar ba ta ɗauki minti biyar ba. Shawara ta koma shafi uku, ta zama kamar riga ba aljihu. Abin da ya ci mata sauran yinin shi ne ɗan saƙon da za ta haɗa da ita. Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. Ta je bayan gida ta wanke fuska. Ta sauka ƙasa ta zagaya wurin ajiye motoci sau biyu, mai gadi na binta da kallo. Ana saura kwata a tashi ta zauna ta rubuta:

“Na cire labarin da ke shafi na biyu, don bai kamata in ba da shi ba tun farko, kuma ina roƙon a daina yaɗa shi. Abu ɗaya ne ban faɗa ba a ciki. Wanda ya rubuta layin ya bi ƙa'ida, ya kawo a duba masa. Ni na duba, sau biyu, ban ga komai ba, na sa hannu. Shekarata goma sha ɗaya ina aiki da harshen nan.”

Babu sunan kamfani a ciki, amma ta san manaja zai gani, ta kuma san ba zai yi dariya ba. Ta ɗora yatsa a kan maɓalli, ta ɗauke, ta sake ɗorawa. Ta tura. Ta kashe kwamfutar tun kafin wani ya amsa, ta ɗauki jaka.

A gida ta ba mijinta labari duka, tana tsaye, tana kai-komo tsakanin taga da ƙofar kicin. Ya saurara har ta gama.

“To yanzu da me za ki je gabansu?”

“Da bakina. Su kuma sun ce mai natsuwa ba ya kuskure.”

“Ni dai,” in ji shi yana jera takardun ajinsa, “in ɗalibi ya ce mini ya gane, ba na musu da shi. Takarda nake miƙa masa in ce bismillah.”

Ta tsaya cak a tsakiyar falo. Ta dube shi, ta dubi tarin takardun, ta wuce ɗaki ta ɗauko kwamfutarta.

Ranar Juma'a, tsakanin aikin ofis da gaisuwar da manaja ya amsa mata da ka kawai, ta tono tsofaffin misalan da ke zuwa tare da harshen, waɗanda kowa ke iya gani. Ta zaɓi ayyuka uku masu tsawo, ta buga kowanne kwafi biyar. A zaure mutum biyu sun amsa saƙonta. Ɗaya ya ce Allah ya saka da alheri. Ɗayan ya ce wannan ya nuna matsalar ta masu dubawa ce. Farfesa dai shiru.

Kwamiti na zama ne a wani ɗaki a saman kantin littattafai, mai dogon tebur da fanka mai kuka. Auta ta riga kowa zuwa da minti arba'in. Ta zauna, ta tashi, ta sauka ta duba littattafan da ba za ta saya ba, ta hawo. Ɗaya bayan ɗaya suka iso: sakatare, wata mata mai aiki a banki, malamin nan mai littafi da kwafinsa a hammata, da wani mai gyaran na'urorin asibiti. Farfesa ne ƙarshe, yana hawa matakala a hankali, yana hutawa a kowace ta huɗu. Ta miƙe ta gaishe shi.

“Ke ce Auta? Na koyar da ke?”

“Shekarar farko, ranka ya daɗe. A baya nake zama.”

“'Yan baya su ne masu rigima. Zauna, 'yata.”

Da aka ba ta dama ba ta yi dogon bayani ba. Ta raba takardun.

“Ayyuka uku ne a gabanku. Roƙona ku faɗa mini wanne ne famfo, wanne ne ba famfo ba. Minti biyar.”

Mai littafi ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya ce ba jarrabawa suka zo ba. Farfesa ya ciro gilashinsa ya ce ai shekara talatin yana yi wa mutane, yau a yi masa. Ɗakin ya yi tsit, sai kukan fanka da ƙarar juya takarda. Auta ta kafa ido a agogon wayarta. Ƙafarta na kaɗawa a ƙarƙashin tebur, ta danne ta da hannu.

Na farko kowa ya gane famfo ne, don “miƙa” na layi na shida. Na biyu kowa ya ce ba famfo ba ne, kuma haka ne. A na uku, matar banki kaɗai ta ce famfo ne. Sauran huɗun, har da Farfesa, suka ce aiki ne kawai.

“Shafi na huɗu, layi na tara daga ƙasa,” in ji Auta.

Aka juya takardu. Farfesa ya bi layin da yatsa, ya tsaya. Ya koma shafin farko ya duba saman takardar, inda aka rubuta wanda ya tsara misalin da shekarar. Ya cire gilashi ya yi 'yar dariya.

“Ni na rubuta wannan. Shekara goma sha huɗu ke nan.”

“Minti biyar ba ya isa,” in ji mai littafi.

“Wanda ke duba aikin abokinsa ana saura kwata a tashi, minti nawa yake da shi?” matar banki ta tambaye shi.

Farfesa ya ninke hannu a kan tebur. “Bari in faɗa miki dalilina, 'yata, don ba ganganci ba ne. Lokacin da na yi harshen nan, ɗalibaina da yawa ba su taɓa taɓa kwamfuta ba. Kowace sabuwar kalma kaya ce a kansu. Na ce a rage musu. Ayyukansu kuma layi goma ne, goma sha biyar, duka a allo ɗaya. Ban taɓa zaton wata rana za a damƙa wa abin nan ɗakin magani ba.” Ya dubi Auta. “Na karanta abin da kika cire. Na kuma karanta abin da kika ƙara. Shi ya sa na hawo benen nan da kaina.”

Auta ta sunkuyar da kai.

“Amma ga tsorona. Kin ce kwamfuta ta ƙi tashi. Akwai manhajoji a makarantu da ƙananan asibitoci waɗanda masu rubuta su sun bar aiki, wasu ma sun bar duniya. Ranar da wani ya sabunta harshen, duk su tsaya cik, babu mai gyarawa. Wa zai je musu?”

Mai gyaran na'urori ya gyaɗa kai, ya ce shi kaɗai ya san irin waɗannan guda bakwai.

“Gara su tsaya da ƙara, ranka ya daɗe, a san sun tsaya,” in ji Auta.

“Ga wanda ke da mai gyara a kusa, haka ne.”

Aka shiga muhawara, aka yi awa biyu. Aka dawo da maganar tauraro, aka sake binne ta. Mai littafi ya buɗe babi na tara ya nuna yawan shafukan da za su zama tsohon yayi. Sau biyu Auta ta miƙe tsaye tana magana, sau biyu sakatare ya nuna mata kujera. A ƙarshe Farfesa ya kawo tsaka-tsaki: a sa kalmar “famfo” a fitowar harshen ta gaba, mai so ya yi amfani da ita. In “miƙa” ta shiga cikin “aiki”, kwamfuta ta yi gargaɗi ta nuna layin, amma ta ci gaba. Maganar tilastawa a dawo da ita bayan shekara biyu, da sharaɗin an samu manhajar da za ta bi tsofaffin ayyuka ta gyara musu layin farko da kanta.

“Gargaɗi kuwa, wa ke karanta shi?” in ji Auta. “Ni ma ina da guda a aljihun tebur.”

Matar banki ta yi dariya, Farfesa ma ya murmusa, amma bai janye ba. Aka ɗaga hannu. Uku suka yarda, biyu suka ƙi: mai littafi don an yi yawa, matar banki don an yi kaɗan.

“Saura mai rubuta manhajar gyaran,” in ji sakatare, alƙalaminsa a sama. Duk suka juyo suka dubi Auta.

A bakin kantin ta kira Bahago. Ta ji ƙarar injin hoto a bayansa. Ta faɗa masa yadda aka yi.

“To, Allah ya sa alheri. Rabin hanya ma tafiya ce.”

“Akwai aikin manhajar gyara. In muka yi tare, sunanka zai fito a kai, kowa ya gani.”

“Na ga saƙonki na shekaranjiya. Na gode, da gaske. Amma ni da harshen nan mu ɗan huta da juna tukuna. Wata makaranta ta kira ni in koyar da yara kwamfuta, ranar Litinin zan je mu yi magana.” Wani ya yi masa magana a gefe. “Injiniya, ga mai takarda na jira. Ki gaida Malam.”

Ta shiga bas ta samu kujera a bakin taga, amma zaman ya gagara. A kanta har ta fara lissafa irin wuraren da “miƙa” ke iya ɓuya: a cikin aikin da ke cikin wani aikin, a cikin rubutun da aka sa don bayani kawai, a layin da aka raba biyu. Saura tasha biyu ta sauka, ta shiga wani kanti ta sayi littafin rubutu mai kauri, ta ƙarasa gida a ƙafa, tana tsayawa jefi-jefi ta rubuta wani abu a jikin bango ko a kan gwiwa.

Mijinta na bakin ƙofa yana wanke wa ƙaramar 'yarsu keke. Ya ɗago ya dubi fuskarta, ya dubi littafin.

“An ci ko an faɗi?”

“An ba ni aikin gida.”

“Na kwana nawa?”

“Shekara biyu.”

Ya matse tsumman a bokiti. “Wannan malamin ya fi ni mugunta. Shiga ki ci abinci, tun ɗazu yaran ke tambayarki.”

Bahago ya samu aikin makarantar, kuma a can ya zauna. Manaja ya yi mako uku yana amsa gaisuwarta da ka kafin ya sake buɗe baki. Manhajar gyaran ta ci mata Asabar ɗin wata bakwai, kuma a gwajin farko ta lalata misalai goma sha biyu daga cikin na Farfesa, sai da ta koma ta sake ginin daga tushe.